Gam Mai Gida Biyu da Baƙin Fensir

Edita ya matsa mini lamba in ba shi wani abu na kimiyya don shafin Hausa, ya kuma ce kada in kawo masa abin da ke cikin littafin aji, don wannan kowa ya ƙoshi da shi. To, na zaɓi in yi magana a kan abubuwa biyu waɗanda babu ɗalibin kwalejin nan da bai taɓa riƙe su a hannunsa ba. Na ɗaya shi ne gam ɗin nan mai gida biyu da a ke sayarwa a kasuwar Kafanchan, wanda masana ke kira ifoksi. Na biyu kuwa baƙin nan ne da ke cikin fensir. Yau fiye da shekara 15 ke nan masana a ƙasashe da yawa suna fama da neman yadda za su ɗaura wa waɗannan biyu aure ya zauna, don in ya zauna a kan sami abu marar nauyi mai wuyar karyewa.

Abin da ya sa na ga ya kamata ku sani shi ne, sunan girafin ya fara bayyana a jikin kayan sayarwa, da fenti, da batir, da tayar keke, ana kuwa tsawwala musu kuɗi saboda sunan. Ku ne malaman gobe. A ƙauyen da za a tura ku, yara za su tambaye ku, iyayensu ma za su tambaye ku kafin su ɓatar da kuɗinsu. Malamin da bai san inda gaskiyar abin ta tsaya, inda kuma talla ta fara ba, ko dai ya gaskata kome, ko ya ƙaryata kome, duka biyun kuwa ba aikin malami ba ne.

Gam ɗin tukuna

Ƙaro, da kokon rogo da mu ke manna takarda da shi, bushewa su ke yi. Ruwan da ke cikinsu ya tashi, abin da ya rage ya riƙe. Ifoksi ba haka ya ke ba, shi ba ya bushewa, sandarewa ya ke yi. Ku ajiye gida ɗaya a buɗe har mako guda, za ku tarar da shi da danƙonsa. Sai an cuɗa shi da abokinsa sa'an nan aiki ya fara.

Ga abin da ke faruwa. Kome na duniya da ƙwayoyin zarra aka yi shi, ƙwayoyin nan kuwa su kan haɗu rukuni rukuni. Kowane rukuni na gida na fari dogo ne, yana da ɗan zobe a kowane ƙarshe. Zoben na ƙwaya uku ne kacal, kabon biyu da oksijin ɗaya, an tanƙwara su a takure kamar tarkon da aka ɗana. A gida na biyu akwai wani sinadari mai ɗauke da naitirojin, sunansa amain. Da amain ya taɓa zoben, sai tarko ya fyaɗe, zobe ya buɗe ya kama shi kam. To, rukunin gida na fari hannu biyu gare shi, na gida na biyu kuwa hannu huɗu ko fiye. Wannan ya kama wancan, wancan ya kama wasu uku, har abin ya zama raga wadda ta bi gabas da yamma, kudu da arewa, sama da ƙasa. Shi ya sa in ya sandare ko an ɗora shi a wuta ba ya narkewa kamar roba, sai dai ya ƙone. Shi ya sa kuma in kun cuɗa mai yawa za ku ji kwanon ya ɗauki zafi.

Daga nan za ku gane kuskuren da a kan yi a bakin tasha, inda mai gyaran babur ke ƙara gida na biyu wai don abin ya yi saurin kamawa. Hannuwan a ƙidaye su ke. In ɗaya ya fi yawa, sai a bar wasu hannuwa ba abin kamawa, raga ta fito da ɓaraka. A bi awon da aka rubuta a jikin kwalin. Filar da masu gyaran jikin mota ke shafawa, wadda a ke ɗiga wa ɗan magani kaɗan, wannan wani iri ne dabam, kada ku haɗa su.

Abin ba tsoho ba ne ƙwarai. Wani masani a ƙasar Suwizalan, Pierre Castan, shi ya yi fice wajen gano shi a ƙarshen shekarun 1930, yana neman abin yin haƙoran roba ne ma. A shekarar 1946 kamfanin Ciba ya fito da shi kasuwa da sunan Araldite, sunan da har yau masu gyara ke kiran kowane gam mai gida biyu da shi. Da shi aka manna sassan rufin babban gidan wasan nan na birnin Sidni a Ostiraliya.

Amma yana da aibi guda, watau gautsi. Ragar nan da ta ba shi tauri ita ce ta hana shi miƙewa ko lanƙwasa. Kun ga yadda mai yadi ke yi a kasuwa: ya ɗan tsaga bakin yadin da almakashi, sa'an nan ya ja, ƙyat, ya yage har ƙarshe ba wahala. Ba don tsagar nan ba, da ya yi ta ja bai yage ba. Dalili kuwa, duk ƙarfin jan a kan bakin tsagar ya ke taruwa. Haka ifoksi ya ke. Ɗan kumfan iska ɗaya, ko ɗan karce, ya isa ya zama mafarin tsaga, in kuwa ta tashi babu abin da zai tare ta, sai ta ratsa shi sumul kamar gilashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Uwa da jijiya

Maganin gautsi kakanninmu sun san shi tun ba a haifi kakan Castan ba. Maginin ƙasa ba ya kwaɓa birji zalla, sai ya zuba masa ciyawa, a nan wajenmu sau da yawa karan acca, ya tattake su tare. Ƙasar ita ke jure danni, ciyawar ita ke jure ja, in tsaga ta taso sai ta tarar da ciyawa a gicciye ta riƙe gefe da gefe. Irin wannan haɗi shi na ke kira gami. Abin da ya fi yawa, mai rungume da sauran, mu kira shi uwa. Abin da aka zuba don ƙarfi mu kira shi jijiya.

Akwai misali wanda ya fi wannan tsufa, a ƙofar gidanmu kuwa ya ke. A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono wani gunkin yumɓu kusa da ƙauyen Nok a ƙasar Jaba. A 1943 aka sami wani kai a ƙasar Jama'a, wanda wani akawun ma'adinai ya kai gonar doyarsa ya kafa shi mutum-mutumi har shekara guda, kafin Bernard Fagg ya gan shi ya gane darajarsa. Gumakan nan sun haura shekara 2,000. Wanda ya taɓa duban su kusa da kusa a gidan tarihi na Jos ya san jikinsu ba sumul ya ke ba, cike ya ke da tsakuwa ƙanana. Da gangan maginan suka zuba, don yumɓu zalla ya kan tsuke ya tsattsage wajen bushewa da wajen gashi. Har yau masu ginin tukwane su kan daka tsingaro su zuba a yumɓu saboda wannan dalili. Siminti da rodi ma gami ne. Shi kansa baƙin fensir gami ne na yumɓu da wani baƙin dutse mai laushi, dabarar wani Bafaranshe mai suna Conté a shekarar 1795.

A zamanin nan kuwa gamin da ya fi daraja shi ne ifoksi da zaren gilashi, ko ifoksi da zaren kabon. Da irinsa a ke yin fuka-fukan manyan injinan da iska ke juyawa su ba da lantarki. Jirgin sama samfurin Boeing 787, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2011, wajen rabin nauyin jikinsa gami ne, ba ƙarfe ba.

Yanzu ga tambayar da na ke so ku riƙe, don duk sauran darasin a kanta ya ke. Da a ce magini ya shafe ciyawarsa da man gyaɗa kafin ya zuba a birji, me zai faru? Ciyawar ba ta rage ƙarfi ba ko kaɗan. Amma in tsaga ta zo, sai ta zare daga cikin ƙasa kamar takobi daga kube. Nauyi ba ya faɗawa kan jijiya kai tsaye, ta hannun uwa ya ke isa gare ta. In babu riƙo tsakaninsu, ƙarfin jijiya nata ne ita kaɗai, bai amfani kowa ba.

Girafin

Baƙin dutsen nan na fensir sunansa girafait. Kabon ne zalla, ɗan'uwan gawayi da lu'ulu'u. A cikinsa ƙwayoyin kabon sun jeru shimfiɗa shimfiɗa kamar takardun littafi, kowace shimfiɗa an saƙa ta da gida mai kusurwa shida, tamkar saƙar zuma. A cikin shimfiɗa ɗaya ƙwayoyin sun riƙe juna da ƙarfi matuƙa, amma tsakanin wannan shimfiɗa da ta samanta riƙon sako-sako ne. Abin da ya sa fensir ke rubutu ke nan: in kun ja shi a takarda, shimfiɗun ne ke zamewa su zauna. Shimfiɗa ɗaya tak, mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, ita ce girafin. Girafait mai kaurin milimita ɗaya yana ɗauke da wajen shimfiɗa miliyan 3.

An daɗe da sanin haka a lissafi, amma ba wanda ya cire shimfiɗa ɗaya ya gwada halinta sai a 2004, sa'ad da Andre Geim da Konstantin Novoselov suka yi a Jami'ar Manchester ta Ingila. Da me suka yi? Da salatif, irin wanda ke kan teburin akawun kwalejin nan. Su manna shi a girafait su ɓare, su ninka su sake ɓarewa, kowace ɓara abin na raguwa, har suka dangwala shi a kan wani faranti suka duba da madubin ƙara girma suka sami gutsattsarin da ke da shimfiɗa ɗaya. A 2010 aka ba su kyautar Nobel. Shi Geim ɗin nan mutum ne mai son wasa da ilmi, don tun a shekarar 2000 an ba shi wata kyauta ta raha saboda ya sa kwaɗo mai rai ya tsaya a iska da ƙarfin maganaɗisu. Ina faɗa muku wannan ne don masu cewa ba a kimiyya sai da kayan miliyoyi.

A 2008 masana a Jami'ar Columbia ta Amurka suka shimfiɗa girafin a bakin wasu ramuka ƙanana kamar fatar ganga, suka danna da tsinin allura har ya fashe. Suka tarar ya ninka ƙarfe ƙarfi fiye da sau 100. Ga shi kuma ba nauyi. Giram ɗaya, in an lissafa fuskokinsa biyu, yana da faɗin murabba'in mita 2,630, watau fiye da sulusin filin ƙwallo. To, wa zai ga irin wannan jijiya bai yi sha'awar zuba ta a ifoksi ba?

Aka zuba, sai abin ya ƙi, saboda dalili biyu.

Na fari, gudaji. Duk wanda ya taɓa tuƙa tuwo ya san abin da ke faruwa in an juye gari a tukunya gaba ɗaya: waje ya jiƙe, ciki gari busasshe. Shimfiɗun girafin sun fi son junansu da kowa, da an sake su sai su koma su manne su zama girafait kamar yadda su ke tun farko. Gudajin nan kuwa ba ƙarfi ya ke ƙarawa ba, shi ne ma mafarin tsaga, daidai da kumfan iska. Na biyu, santsi. Fuskar girafin sumul ta ke, ba ta da inda hannuwan ifoksi za su kama. Ciyawar nan ce da aka shafe da mai.

Yi masa ƙugiya

Dabarar da masana suka fito da ita ita ce a dasa wa fuskar girafin ƙananan rukunan sinadari waɗanda za su tsaya cirko-cirko kamar ƙugiyoyi. Ni dai girafin mai ƙugiya na ke kiransa, wanda ya sami sunan da ya fi wannan ya kawo.

Hanyar da aka fi bi ta girmi girafin kansa. Tun a 1859 wani Bature a Oxford, Benjamin Brodie, ya jiƙa girafait a asid mai ƙarfi ya ga ya kumbura ya sake kama. A 1958 wasu Amurkawa biyu, Hummers da Offeman, suka fito da hanya mai sauri, suna amfani da asid irin na ruwan batir amma wanda ba a sirka ba, da famanganet, maganin nan mai rina ruwa da a ke wanke gyambo da shi. Abin da ke faruwa shi ne, oksijin ya kan kutsa tsakanin shimfiɗun ya zauna a fuskarsu da gefunansu, ya buɗa tsakaninsu. In an zuba a ruwa aka girgiza, sai su rabu ɗai ɗai. Cikin ƙugiyoyin oksijin ɗin nan har da ɗan zoben nan mai ƙwaya uku, irin na ifoksi sak. Kun ga ke nan an fara zama dangi.

Daga nan a kan ƙara mataki guda. A kawo amain mai kai biyu, kai ɗaya ya kama girafin, ɗaya a bar shi a sake. Sa'ad da aka zuba wannan a ifoksi, kan nan da ke sake sai ya fyaɗe tarkon zobe kamar yadda gida na biyu ke yi. Girafin ya daina zama baƙo a cikin raga, ya zama ɗaya daga cikin igiyoyinta. Ƙugiyoyin kuma suna tokare shimfiɗun, su hana su komawa su manne. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu.

Amma fa ba a banza a ke samu ba, nan ne kuma ni na ke ganin daɗin maganar ya ke. Kowace ƙugiya da aka dasa, sai an ɓata gida ɗaya na saƙar zuma kafin ta sami wurin zama. Ku tambayi baduku. In zai ɗinka fata dole ya huda ta, amma in hudar ta yi yawa, a kan layin ɗinkin fatar za ta yage. Girafin da aka cika wa oksijin taurinsa ya kan faɗi zuwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na asalinsa, ya kuma daina ɗaukar lantarki sosai. Ƙugiya kaɗan, ba riƙo. Ƙugiya da yawa, ba ƙarfi. Yawancin binciken da a ke yi neman tsakiyar nan ne. Akwai masu gudun huda gaba ɗaya, su kan shafa wa girafin wani abu mai kama da sabulu, ko wasu rukunai masu faɗi da ke kwantawa a fuskarsa ba tare da sun ɓata saƙar ba. Saƙa ta tsira, amma riƙon bai kai na farko ba.

Cuɗawar ma aiki ce. A kan fara watsa garin a wani ruwa mai saurin tashi, kamar asiton, a girgiza shi da na'ura mai amo wanda kunne ba ya ji, a zuba gida na fari, a tayar da ruwan nan sarai, a zuƙe kumfa, sa'an nan a kawo gida na biyu. In girgizar ta yi kaɗan, gudaji. In ta yi yawa, shimfiɗun su kakkarye su zama tsumma.

In an dace, me a ke samu? A 2009 ƙungiyar Farfesa Nikhil Koratkar a makarantar Rensselaer ta Amurka ta zuba girafin kashi 0.1 cikin 100 na nauyin ifoksi, watau giram ɗaya a kilo ɗaya. Ku kwatanta da buhun masara mai kilo 100 da aka zuba wa giram 100 na wani abu. Suka tarar tauri ya ƙaru da wajen kashi 31 cikin 100, jure ja da kashi 40, jure tsaga kuwa da kashi 53. In aka duba bakin karayar, maimakon sumul sai a gan shi kaca-kaca. Tsagar ta taho ta ci karo da shimfiɗa, ta kauce, ta hau, ta gangara, ta sake cin karo da wata, kamar mai hawan dutsen Kagoro wanda ba shi da halin miƙewa sak. Kowace kwana ƙarfi ta ke ci. Wani wuri kuma shimfiɗa ta gicciye ta riƙe gefe da gefe, sai an fizge ta da ƙarfi kafin a wuce. Irin wannan kewaye-kewaye shi ke wahalar da ruwa da iska in suna neman ratsa fenti su isa ga ƙarfe, abin da ke da amfani a ƙasa mai yawan ruwan sama kamar tamu, inda kwanon rufi da ƙarfen gada ba su da maƙiyi kamar tsatsa. Sai dai an lura girafin mai ɗaukar lantarki, in ya taɓa ƙarfen ta wurin da fentin ya karce, yana iya hanzarta tsatsar ma.

Ku dubi lissafin nan da kyau. An ce girafin ya ninka ƙarfe sau 100, amma sandar ifoksi da a da ke ɗaukar kilo 100, yanzu 140 ta ke ɗauka. Ci gaba ne babba, in an dubi ƙanƙantar abin da aka zuba, amma ba abin al'ajabin da talla ke faɗi ba ne. Kada kuma wani ya ce to a zuba ninki goma mana. Bincike da yawa sun nuna ƙarfin ya kan hau zuwa wani matsayi, galibi ƙasa da kashi ɗaya cikin 100, daga nan gam ya yi kauri ya ƙi cuɗuwa, gudaji ya dawo, ƙarfi ya gangara. Zaren gilashi da zaren kabon har yanzu su ne manyan jijiyoyi. A ganina inda girafin zai fi amfani shi ne ya taimaki gam ɗin da ke tsakanin shimfiɗun zaren, don a nan ne gami ya kan ɓare, kamar yadda katakon filawud ke ɓarewa in ya sha ruwa.

Kasuwa kuwa sai a yi hattara. Kamfanin Head ya fara sayar da faifan buga tanis mai girafin a 2013, a shekarar nan kuma Tarayyar Turai ta ware Yuro biliyan ɗaya don binciken shekara goma. Inda kuɗi ya taru, algus ba ya nisa. A 2018 masana a Jami'ar Ƙasa ta Singafo, tare da shi Novoselov, suka sayi gari daga kamfanoni 60 masu cewa girafin su ke sayarwa. Suka tarar a yawancinsu girafin na gaske bai kai kashi 10 cikin 100 ba, sauran niƙaƙƙen girafait ne. Saboda haka in kun ga sunan a jikin gwangwani, ku tambaya: kashi nawa ne, mai ƙugiya ne ko marar ƙugiya, wa ya gwada? Mai kanti ba zai sani ba, amma tambayar ta isa ta hana ku biyan kuɗin doki a kan jaki.

Mu fa, ina rabonmu? Akwai girafait a jihar nan tamu, a ƙasar Birnin Gwari. A Afirka, Mozambik da Madagaska sun yi nisa wajen haƙarsa, ma'adinin Balama na Mozambik ya fara aiki tun 2017. Amma kun riga kun ga darajar ba a dutsen ta ke ba, a wajen mai iya raba shimfiɗa, da dasa ƙugiya, da gwaji ta ke. Wanda zuciyarsa ta kama wannan hanya cikinku, Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen nazarin ƙarafa da kayan ƙira, akwai kuma cibiyar binciken fasahar sinadarai a Basawa, duk a Zariya.

Abin da za ku iya gwadawa

Kada kowa ya kuskura ya gwada hanyar Hummers a ɗakin gwajinmu, balle a ɗakin kwana. Asid ɗin nan da famanganet, in suka ɗauki zafi, fashewa su ke yi. Amma asalin darasin, watau riƙo tsakanin uwa da jijiya, ba ya bukatar girafin.

Ga 'yan firamare, ƙasa ta isa. A kwaɓa birji guda a raba uku: ɗaya zalla, ɗaya da busasshen karan acca, ɗaya da karan acca daidai wancan yawan amma wanda aka shafe da man gyaɗa. A zuba a ma'auni ɗaya don su fito girma ɗaya, a shanya a inuwa har su bushe sarai. A ɗora kowane tubali a kan duwatsu biyu kamar gada, a rataya bokiti a tsakiyarsa, yara su riƙa zuba yashi gwangwani gwangwani suna ƙirgawa har ya karye.

Ga ku manya, a yi da ifoksi da zaren rama. Zaren rama yana da wani maiƙo da danƙo a fuskarsa wanda ke hana gam kama shi. In an jiƙa shi awa kaɗan a ruwan sodar yin sabulu, giram 50 a lita ɗaya, aka ɗauraye shi sosai aka busar, fuskar ta kan yi kaushi. Wannan ƙanen dasa ƙugiya ne, masu bincike a jami'o'in ƙasar nan kuwa sun yi irinsa da yawa. Ku jiƙa wani kason kwana biyu a ruwan soda mai ninkin wancan ƙarfi sau uku, ku ga ko maganar baduku za ta fito. Soda a ke zubawa a ruwa, ba ruwa a soda ba, a kuma tsare ido. A sa safar roba wajen cuɗa gam, don yana sa wa wasu ƙaiƙayin fata wanda in ya kama mutum sau ɗaya ya kan dawo kullum.

Kowane iri a yi sanda biyar aƙalla, don sanda ɗaya tana iya karyewa da wuri saboda kumfa guda da ba ku gani ba. A rubuta nauyin da kowace ta ɗauka, har da wadda ta ba ku kunya. In ta karye kada ku jefar, ku ɗauki gefen biyu ku fita rana ku duba bakin karayar da madubi. Zaren da ya zaro dogo, fes, ba gam a jikinsa, ya bar rami a ɗaya gefen, wannan bai sami riƙo ba. Wanda kuwa ya tsinke gajere daf da bakin karayar, da guntun gam manne a jikinsa, shi ne ya ɗauki kayan da uwa ta miƙa masa.